Gubar Dalma A Kayan Wasan Yara: A Daina Barin Jaki Ana Dukan Taiki

Hausawa kan ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To amma jama'a, akwai cinikin da wannan magana ba ta hau kansa ba. Uban da ya tsaya gaban mai tebur ranar jajiberin Sallah, ya zaɓi 'yar mota ja ko bindigar roba ko tabarau na yara, bai san abin da ya saya ba, kuma ba shi da hanyar sani. Shi dai ya ga launi, ya ji farashi, ya tuna murnar da ɗansa zai yi. Ko fentin da ke jikin motar nan yana da dalma ko ba shi da ita, ido ba ya gani, hanci ba ya ji, shi kansa mai tebur bai sani ba. Duk da haka, in aka ta da maganar guba a kayan wasan da ake shigowa da su, abin da aka fi jin ana faɗi shi ne wai iyaye su riƙa lura. Ni kuwa na ce wannan barin jaki ne ana dukan taiki. Damuwar iyaye tana bisa hanya, amma nauyin ba a wuyansu yake ba. Yana wuyan wanda ya yi odar kayan, da wanda aka ɗora wa tsaron ƙofar da suka shigo.

Bari mu fara da ita dalmar, don mu san da wa muke faɗa. Masu yin fenti suna sonta saboda tana sa launi ya fito fes, musamman ja da rawaya, tana sa shi saurin bushewa, ga ta kuma da araha. Masu yin wata irin roba suna zuba ta don kada robar ta lalace da zafi. Masu ƙera 'yan sarƙoƙi da zobba na yara suna sonta don tana narkewa da wuri kuma tana da nauyin da zai sa abu ya yi kama da na gaske. In ta shiga cikin yaro, jiki ba ya gane ta, sai ya ɗauke ta kamar sinadarin da yake gina ƙashi da shi, ya ajiye ta a ƙashi da haƙori, sauran kuma ta bi jini ta hau ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ƙarami yakan tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa daga dalmar da ya haɗiya, kuma ta ce babu wani ma'auni na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Yaron da ke fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki ya fi kowa tsotsarta. Ka tambayi kanka, ya kai mai karatu, 'ya'yan su wa ke nan?

Muguntar dalma ita ce ba ta sallama. In ta yi yawa ƙwarai takan kawo ciwon ciki da amai da jijjiga, har da mutuwa. Amma galibi ba haka take zuwa ba. Yaro yana ci yana sha yana guje-guje, ita kuwa tana rage masa kaifin basira kaɗan-kaɗan, tana rage masa natsuwa, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Bayan shekara biyar a sa shi makaranta, malam ya ce daƙiƙi ne, uba ya ɗauki bulala, ba wanda zai tuna da 'yar motar da ya gwaguye fentinta lokacin yana fitar da haƙori.

Kada wani ya ce tatsuniya ce. A watan Fabrairu na 2006, a birnin Miniyapolis na Amurka, an kai wani yaro ɗan shekara huɗu asibiti yana amai. Aka ɗauka ciwon ciki ne irin na yara, aka sallame shi. Cikin 'yan kwanaki ya rasu. Ashe wani ɗan ƙarfe ya haɗiye mai siffar zuciya, daga abin hannun da ake bayarwa kyauta ga wanda ya sayi takalmin Reebok. Da aka auna ƙarfen sai aka ga kashi 99 cikin ɗari dalma ce. Kamfanin ya janye abin hannun kimanin 300,000, daga baya kuma aka ci shi tarar dala miliyan ɗaya.

Shekarar da ta biyo baya, 2007, ita ce ta tona asiri gaba ɗaya. A watan Yuni kamfanin RC2 ya janye 'yan jiragen ƙasa na katako na Thomas & Friends har miliyan ɗaya da rabi saboda dalma a fentinsu. A farkon Agusta kamfanin Mattel, ɗaya daga cikin manyan masu kayan wasa na duniya, ya janye kayan Fisher-Price kusan miliyan ɗaya a Amurka kaɗai, bisa wannan dalili. Kafin shekarar ta ƙare aka janye wasu 'yan duwatsun wasa da ake kira Aqua Dots fiye da miliyan huɗu, domin sinadarin da aka shafa masu yana rikiɗa a cikin ciki ya zama ƙwaya mai sumar da mutum, kuma yara sun suma. Duk waɗannan kaya a ƙasar Sin aka yi su. Iyaye a Amurka suka ta da ƙayar baya, jaridu suka ɗauka, majalisa ta zauna.

A nan ne nake so mu tsaya mu duba da kyau, domin a nan darasin yake. Gwamnatin Amurka ba ta ce wa iyaye su je su riƙa lura ba. A watan Agusta na 2008 shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan sabuwar doka. Ta rage dalmar da aka yarda da ita a fenti daga kashi 600 cikin miliyan zuwa kashi 90. Ta sa iyaka ga dalmar da ke jikin kayan kansa, wadda ta sauko zuwa kashi 100 cikin miliyan a 2011. Ta taƙaita sinadaran da ake laushin roba da su, waɗanda ake kira fitalet, domin suna dagula aikin sinadaran girma da haihuwa na jiki. Abin da ya fi duka muhimmanci, ta wajabta cewa kafin a sayar da kayan yara sai wani ɗakin gwaji da hukuma ta amince da shi ya auna su, kuma a sa masu alamar da za a bi a gano wanda ya yi su da lokacin da aka yi su. A 2009 aka ci Mattel tarar dala miliyan 2.3. Ƙasashen Tarayyar Turai su ma suka sabunta dokarsu ta kayan wasa a wannan shekara, kuma suna da tsarin da in an kama kaya mai haɗari a ƙasa ɗaya, nan da nan sauran su ji labari.

Yanzu sai mu zo ga masu cewa ai laifin Sinawa ne, a daina sayen kayansu a huta. Wannan magana tana da daɗin faɗi a majalisa, amma ba ta da ƙashi. Mafi yawan kayan wasan duniya a ƙasar Sin ake yin su, da na yaron Landan da na yaron Kano, sau da yawa ma a gari ɗaya, kamar yankin Cenghai na birnin Shantou da ya shahara da wannan sana'a. Mai masana'anta tela ne: yadin da ka biya shi zai ɗinka maka. In mai oda ya zo da takardar sharuɗɗa ya ce za a auna kayan a ɗakin gwaji, in an sami dalma a dawo da su, sai a yi masa da fenti mai tsabta. In kuwa ya zo yana cewa a rage, a ƙara ragewa, ba wanda zai duba a ƙasarmu, to sai a yi masa daidai kuɗinsa. Shi kansa Mattel, a watan Satumba na 2007, wani babban jami'insa ya tafi Beijin ya nemi afuwa, ya yarda cewa mafi yawan kayan da suka janye ba laifin masana'antun Sin ba ne, kuskuren zanen kamfanin ne na sa 'yan ƙananan maganaɗisu masu ɓallewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada mu tsaya zagin ƙadangare, mu dubi bangonmu.

Ga kuma abin da ya kamata ya hana mu barci. Idan manyan kasuwanni suka tsaurara ƙofofinsu, fenti mai arha ba ya ɓacewa daga duniya, kuma masana'antar da ta saba aiki da shi ba ta rufewa. Ruwa gangare yake bi. Kaya suna nufar inda ba a tambaya. Ita kanta dokar Amurka ta 2008 sai da ta hana a kwashi kayan da aka janye a kai wata ƙasa a sayar, kuma ba a kafa doka a kan abin da ba a yi. Ƙara da kayan wasa na gwanjo da ke zuwa cikin dila tare da tufafi da takalma, waɗanda ba wanda ya san shekarar da aka yi su, ko kafin waccan doka ko bayanta. Ƙara da dabarar 'yan kasuwa in an toshe masu hanya ɗaya: a farkon 2010, bayan an matsa a kan dalma, sai aka gano wasu masu ƙera sarƙoƙin yara sun koma amfani da kadmiyam, ƙarfen da ke lalata ƙoda da ƙashi, har a wasu kayan ya haura kashi 80 cikin ɗari. Ƙara da baƙar robar da ake narkawa daga tsofaffin talabijin da kwamfuta, mai ɗauke da sinadaran hana kama wuta, a mayar da ita kayan wasa. In ƙasashen da ke da ɗakunan gwaji suna wannan tsere da masu kaya, mu da ba mu ko shiga filin ba, ina muka tsaya?

Wani zai ce ai muna da hukumomi. Haka ne, muna da su. Akwai hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON tun farkon shekarun 1970, kuma tun 2005 tana da tsarin SONCAP wanda ke neman kayan da za a shigo da su su zo da takardar shaidar inganci. Akwai NESREA mai kula da muhalli tun 2007. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Akwai kwastan. A takarda ba abin da muka rasa. Amma takarda a ofis ba ta hana yaro lasar fenti. Shiga kasuwar Sabon Gari ko kowace babbar kasuwa, ka ɗauki abin wasa daga tulin da aka zube. Sau nawa za ka ga sunan wanda ya shigo da shi da adireshinsa? In ka ga alamar CE a jiki kada ranka ya yi sanyi, domin mai kaya ne ke buga ta da kansa, kuma wanda bai ji kunyar zuba dalma ba ba zai ji kunyar buga haruffa biyu ba. Ka tambayi iyayen unguwarku: wa ya taɓa ji an yi shela a rediyo da Hausa cewa 'yar tsana kaza ko mota kaza tana da guba, a mayar da ita a karɓi kuɗi?

Abin takaicin shi ne mu ne mutanen da bai kamata a koya wa sharrin dalma ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Aka yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka auna jini aka ga dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Kafin wannan duka, a 1988, da aka gano an jibge dubban gangunan sharar guba daga Italiya a garin Koko, ƙasar nan ta yi ruri, aka janye jakadanmu daga Rum, aka tilasta kwashe sharar, aka kafa doka da hukuma. Wato in guba ta zo a ganga mun san mu yi fushi. In ta zo da jan fenti da ƙafafu huɗu tana kiɗa, sai mu ciro kuɗi mu biya, mu kai wa ɗanmu da hannunmu.

Akwai masu hujjar da ta fi ta baya ƙarfi, kuma ya kamata a ba su amsa. Suna cewa kayan wasa ba su ne babbar hanyar dalma ba, kuma gaskiya suka faɗa. Akwai ƙurar haƙar ma'adinai, akwai masu fasa tsohon batirin mota, akwai fentin gini, akwai tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe, akwai ma kwallin da ake sa wa jarirai, wanda a 2011 aka auna irinsa da aka kai birnin Boston daga Nijeriya aka ga fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, har kimanin miliyan 800, yana da dalma a jini a matakin da ke buƙatar a ɗauki mataki. To amma wannan ai hujjarmu ce, ba tasu ba. Dalma taruwa take yi. Yaron da ya riga ya sha daga ƙura da tukunya shi ne wanda ba shi da sauran wurin ƙari. Kuma duk cikin hanyoyin nan, wace ce ta fi sauƙin toshewa? Ƙurar ƙauye sai an kankare ƙasa an zubo sabuwa. Abin wasa kuwa ta tashar jirgin ruwa da kan iyaka yake shigowa, cikin kwantena mai lamba, da sunan mai ita. An raba dalma da man fetur a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara tun farkon 2006, duniya duka kuma ta gama a 2021. Wanda ya iya wannan, 'yar tsana ce za ta gagare shi?

Akwai kuma masu cewa talaka ba ya iya sayen na kanti mai tsada, in an tsaurara za a hana ɗansa wasa. Wannan tausayi ne na baki. Fenti marar dalma ba zinariya ba ne, bambancin kuɗinsa a kan mota guda ɗan kaɗan ne, kuma ribar da aka tsimi ba aljihun talaka take shiga ba. Ma'anar maganarsu in an fasa ta ita ce ɗan mai kuɗi ya yi wasa da abin da aka auna, ɗan talaka ya yi wasa da abin da aka samu. Haka kuma ba na cikin masu cewa a koma motar kara da 'yar tsanar ƙashi kurum a ce an warke. Motar kara lafiya lau take, amma motar langa-langa da aka yanko daga gwangwanin fenti, ko wasan da yara ke yi da cikin batir, ba su fi na waje tsabta ba. Ba baƙunta ce cutar ba, rashin awo ne.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu nema, da babbar murya. Na farko, a riƙa auna kayan wasa a tashar shigowa da kuma cikin kasuwa. Akwai na'urar hannu da ake kira XRF, wadda ake ɗora ta a jikin abu ta nuna dalma da kadmiyam cikin daƙiƙoƙi, ba tare da an fasa shi ba. Ba ta kai kuɗin motar babban jami'i ɗaya ba. Na biyu, kowane abin wasa ya zo da sunan wanda ya shigo da shi da inda za a same shi, wanda ba shi da suna a kwashe shi. Na uku, in an kama mai guba a yi shela a rediyo da harsunan da mutane ke ji, a nuna hotonsa, kuma mai odar ne zai biya, ba ɗan tebur da ya sara dozin biyu ba. Na huɗu, manyan asibitocin jihohi su sami abin auna dalma a jinin yara, don kada kowace jijjiga ta zama zazzaɓi. Na biyar, ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu masu zuwa Guwanzu da Yiwu su sa wa kansu sharaɗin karɓar takardar gwaji kafin loda kaya. Alhaji, jikanka ma daga wannan kwalin ake ɗebar masa.

Mu kuma da ke jami'a ba mu da bakin cewa ba ruwanmu. Sassan kimiyyar sinadarai suna da na'urorin auna ƙarafa, a Zariya ma akwai cibiyar binciken makamashi da ta ƙware a wannan aiki. Me zai hana ɗaliban ajin ƙarshe su sayo kayan wasa daga kasuwannin garuruwansu su auna, sa'an nan a fitar da sakamakon daga cikin kundin da ƙura ke ci a laburare, a kai shi gidan rediyo da fadar hakimi da majalisar jiha? Ilimin da ya tsaya a kan kanta bai fi wanda ba a yi ba.

Kafin hukuma ta farka, iyaye suna da ɗan abin yi, ko da yake ba shi ne maganin ba. Kada a ba yaro mai kai komai baki 'yan sarƙoƙi da zobban ƙarfe masu arha. A jefar da abin da fentinsa ke ɓarewa ko yake zuba a hannu, da roba mai laushi mai ƙarfin wari. A wanke hannun yaro kafin ya ci abinci. A ba shi wake da zogale da hanta in an samu, kada a bar shi da yunwa yana tsotsar abin wasa. A raba jariri da kwalli. Wannan duka rage zafi ne kawai, domin uwa ba ɗakin gwaji ba ce.

Jama'a, an ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Gemun wasu ya kama a 2007, suka kashe wutar da doka. Namu ya kama a Zamfara, muka binne yara ɗaruruwa. Wanda ya ga wannan duka ya ci gaba da cewa iyaye su lura, alhali ƙofa tana buɗe kuma mai gadi yana karɓar albashi, to ya san wanda yake karewa, kuma ba yaron ba ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.